Ƙaryar da Na Yi wa Likita a Kan Taba

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Ni ne Bitrus mai gyaran injin ban-ruwa, wanda kuka sani da surutu. Shekara ashirin na yi ina shan taba a garin nan na Talata Mafara, ko mutum ɗaya bai taɓa gane ni ba. Aljihun dama taba, na hagu kanumfari. Kanumfarin da na tauna don kashe wari, in an tara shi, tirela ba za ta ɗauka ba.

Kun tuna shekarar da 'yarmu Rahila ta rasu. A coci na ci gaba da ba ku dariya. A gida kuwa sai in zauna bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa har rana ta take. Abinci ya fita raina, aiki ma haka. Har na fara tunanin gara in bi ta. Matata Saratu ce ta ja ni asibiti.

Likita ya ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Kafin ya rubuta, ya tambaye ni, "Malam Bitrus, kana shan taba?"

Na ɗaga ido, sai na ga nas ɗin da ke riƙe da katina 'yar zumuntar matan cocinmu ce. Na ce, "Ni? Ko warinta ba na so."

Na yi wata biyu ina shan magani, sauƙin kaɗan ne. Likita ya ƙara. Ya sake ƙarawa, sannan na fara dawowa mutum.

Wata Lahadi ana rera waƙar da Rahila take so, na durƙusa na ce, "Ubangiji, karɓi tabar nan daga hannuna." Ya kuwa karɓa! Daga ranar na daina. Amma ban gaya wa likita ba. Ta yaya zan ce na daina abin da na ce ban taɓa sha ba?

Kafin sati biyu sai ga barci kamar na kasa, ga jiri, ga tashin zuciya, hannuna na rawa har sifanar kwance inji na suɓuce mini. Wata rana a gonar shinkafa wajen Bakura na sunkuya kan inji, ban farka ba sai a cikin kanal ɗin ban-ruwa, mai gonar yana jan ƙafata yana cewa, "Bitrus, mi ya same ka?"

A hanyar gida zuciyata ta ce abu biyu ne: ko in koma taba, ko in zubar da maganin. Na kuma san in na zubar, bakin gadon nan yana jirana. Na tsaya na sayi kara ɗaya, na zauna gindin dalbejiya da ashana a hannu. Na ce, "Yesu, na ba ka ita, me ya sa nake mutuwa?" Ban ji murya ba. Ƙaryata ce kawai ta tsaya a gabana. Na karya karan, na yi kuka.

Washegari na koma asibiti, nas ɗin nan tana tsaye, na faɗi komai.

Likita ya ajiye biro. Ya ce, "Da ka faɗa mini tun farko. Ba kowane magani ba ne, amma irin naka, hayaƙin taba na sa hanta ta fitar da shi da sauri, shi ya sa na yi ta ƙara maka. Da ka daina, sai ya taru ya fi ƙarfinka. Dainawar daidai ce. Ɓoyewar ce ta kusa kashe ka."

Ya rage mini maganin a hankali, ya ce kada in taɓa daina shan sa da kaina. Yau ba jiri, ba taba, kuma ina iya kiran sunan Rahila in yi murmushi.

Godiya ta tabbata ga Ubangiji! Ɗan'uwa, ka dogara gare shi, ka sha maganinka, ka faɗa wa likitanka gaskiya.

Da na karanta wa Saratu shaidar nan a gida, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Baban Rahila, gyara farkon. Ni na sani, fasto ya sani, zumuntar mata ta shekara goma tana maka addu'a. Mutum ɗaya ka iya ɓoye wa, shi ne kuma wanda ya kamata ya sani."