Muryar Kunne Ɗaya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto, iyayena da 'yan'uwana na zumunta. Ni ce Saratu, Maman Ishaya ta Gidan Igwai. Muryar da kuke ji ba tawa ba ce. Ni na rubuta, ake karanta muku, ga ni nan zaune a bencin gaba.

Tsofaffin cikinku sun san ni. Shekara da shekaru ni ke ba da waƙa a zumuntar mata ta ikilisiyarmu a Sabon Gari, saura su yi amshi. In na ɗaga murya, mai buga tulu ma sai ta gyara zama. Ina cewa don Ubangiji nake yi, amma gaskiya ina jin daɗin yadda kawuna ke juyowa.

Da aka sa babban taron mata na bara, na shirya sabuwar waƙa mai baiti uku. Na ɗinka ankona tun kafin kowa. Sai maƙoƙon da ke wuyana ya tsananta, likita ya ce sai an yi aiki. Aka yi, na tashi lafiya, amma murya ta tafi. Na buɗe baki, sai iska. Wayyo! Na yi kuka har kukan ma ba ya fita.

Shugabar zumunta ta ce Rahila ta karɓi ba da waƙa. Rahila fa! Yarinyar da na koya wa inda ake jan numfashi, wadda da can ko amshi sai na harare ta take kamawa. E, ita ce wannan da ke karanta muku. Rahila, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Na tsane ta, jama'a. In aka ce muryarta da zaƙi, sai in ji kamar an watsa min barkono a ido. Ta zo duba ni da lemu da kankana, na juya fuska bango na yi barcin ƙarya. Ta aiko tana roƙon baiti na uku, don biyu kaɗai na koya wa matan kafin in kwanta asibiti. Na ce a gaya mata na manta. Ban manta ba, ko kalma ɗaya.

Maƙwabciyata Inna Hajjo, Musulma ce, tare muke tuyar masa a bakin titi. Ta ga ranar zumunta ta zo ina zaune da tsohon zane, ta dube ni ta ce, "Maman Ishaya, mi as same ki? Wuya dai ya warke. Wanga ciwo na zucciya na. Tashi ki tai wurin ibadarki." Na ji haushinta, don ta faɗi gaskiya.

Ranar taro na hau keke na je. Ba sujada ta kai ni ba, na je ne in ga Rahila ta kunyata. Na zauna can baya cikin zafin nan na Sakkwato, na harɗe hannuwa.

Ta ba da baiti na fari, mata suka amsa. Ta ba da na biyu, suka amsa, majami'a ta ɗauka. Sai aka zo wurin na uku. Tulu na ta bugawa, caki na ta kaɗawa, mata sun buɗe baki suna jira, Rahila ba ta da abin bayarwa. Ta maimaita na biyu. Ta sake maimaitawa, baƙi sun fara duban juna.

Na ji daɗi! Allah ya gafarta mini, na ji daɗi har cikin raina. Sai na ga idonta na yawo cikin taro, ni take nema. Daɗin ya koma ɗaci a bakina. Na sunkuyar da kai na ce, "Yesu, da ka karɓe muryata, na yi fushi da kai. Amma waƙar nan taka ce, ni na ɓoye ta. Ka cire min wannan ƙyashi, ya fi maƙoƙon nauyi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa mata, na tsaya a bayanta, na sa bakina a kunnenta na raɗa mata layin farko. Ta ɗaga shi sama. Na raɗa na biyu, ta ɗaga. Mata suka amsa har kwanon rufi na amsawa. Haleluya!

Da aka tashi ta rungume ni tana kuka, ta ce, "Mama, ashe kin tuna." Na ce, "Ban taɓa mantawa ba, ɗiyata. Ki yafe min."

Muryata ba ta dawo ba, kuma likita bai yi min alkawari ba. Wani lokaci in Rahila ta ja waƙa, ƙyashin yakan leƙo, sai in kira sunan Yesu ya koma. Na roƙi muryar da za ta cika majami'a, Yesu ya bar min wadda ta isa kunne ɗaya, kuma da ita aka ƙarasa waƙarsa.

Na gode wa Ubangiji. Wanda shirinsa ya rushe a cikinku, ya dogara ga Yesu, kada ya ɓoye ɗan abin da aka bar masa. Rahila, iyakar takardar ke nan. Share hawayenki ki ba mu baiti na uku.