Kangon Roma da Zauren Baban Furera

A tashar Minjibir ne, shekarar da takin zamani ya gagari talaka. Ana jiran mota ta cika, Inna Furera, da ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta leƙa wayar mutumin da ke gefenta, ta ga hoton wani kango.

"Ɗan nan, wannan kangon na waye? Gobara aka yi?"

"A'a, Inna, birnin Roma ne, a Italiya. Tsohuwar fadar sarakunansu ce. Na zauna can kafin a maido mu."

"Fada babu rufi? Magadan sun ƙare ne?"

"Da gangan aka bar ta haka. Daga ko'ina ake zuwa kallo."

"Ikon Allah! Ba sa kwashe ƙasar su kai gona?"

Ya yi dariya. "Dutse ne, Inna."

"Shi ya sa! Da ƙasa ce, da tuni ta zama gero. Ai babu taki irin tsohon bango. Ni ma ƙannena sun ce a rushe zauren Babanmu a zuba wa dawa. Ni ce babba, bakina suke jira." Ta ƙara matsowa. "Cikin fadar yaya yake?"

"Wallahi ban taɓa shiga ba. A ƙofa nake sayar da laima."

"To masu shiga fa, me suke yi?"

"An ce tsayawa kawai suke yi, su yi shiru, su fito."

Inna Furera ta daɗe tana kallon hoton.

"Haka nake yi a namu," ta ce. "Zan ce su rushe gobe. Yau dai su bar ni in shiga."