Tukunyar Asabar

A layin gidan gashin burodi ne a garin Nabel, inda mutane ke kai tukwanensu su dahu a tanderu, ranar Juma'a da la'asar, shekarar da sojojin Jamus suke farautar Yahudawa. Wata tsohuwa ta ƙura wa tukunyar mutumin da ke gabanta ido.

"Ɗana, an liƙe murfi da ƙullu. Sai gobe da rana za a ɗauka ke nan?"

"Haka iyalina ke so, Inna."

"Ikon Allah! Yaushe Musulmi suka daina hura wuta ran Asabar?"

"'Yan'uwana ne suka zo daga ƙauye."

"Ƙauyen Annabi Musa? Ga sojoji can bakin titi, kai kuma ka ɗauko asirinka a ka kamar mai talla."

"Ki rufa mini asiri, Inna. Su takwas ne, har da jariri."

"Takwas kacal kake wannan gumi?"

"Tsaya, Inna. Kwandon nan naki ma ƙamshi ɗaya yake da tukunyata."

"Ni ai na lulluɓe tawa da kayan wanki. Ungo tsumma ka rufe taka, shashasha. Nawa su goma sha ɗaya ne, kuma duk Asabar sai sun ce girkina bai kai na uwarsu ba."