Na Ɓoye Butar Shayi a Banza

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Falmata, daga Mafoni.

Maigidana busasshen kifi yake sayarwa a kasuwar Baga Road. Kwanakin baya ƙuraje suka feso masa a ƙafa, yatsunsa suka riƙa mutuwa, har ya kasa ɗaga kwali. Likita ya ce jijiyoyin jininsa ne suka kumbura, wai "ti-sel" ne suka jawo. Ni "ti" kawai na ji, wato shayi da Turanci, ina dawowa gida na ɓoye butar shayi.

Da muka koma, likita ya yi dariya. Ya ce ba ruwan shayi, wasu sojojin jiki ne suka rikice suna kai wa jijiyoyinsa hari. Ya ba shi maganin rage musu ƙarfi.

To, jiya surukata ta kawo jiƙo, wai na ƙara ƙarfin sojojin jiki. Ta ce, "'Yata, ki tabbatar ya sha."

Nan kaina ya ɗaure. In an rage su, wa zai tsare shi? In an ƙara su, ai shi za su ci.

Don Allah ku tambayar mini masana. Buta dai na fito da ita. Jiƙon ne ban san yadda zan yi da shi ba, kuma gobe Iya za ta zo ta duba kwanon.