Kwalbar da Ke Gindin Randata

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri a rediyo. Yau Talata na tashi jiki ba ƙwari, kumburin muƙamuƙina kuma yana nan.

Ni tsohon malamin firamare ne a Yakasai, ni kaɗai a gida. Maƙwabcina ya kai ni wajen likitan haƙori kafin shi ma ya bar gari saboda rikicin nan. Likita ya sa allura ya zuƙo ruwa daga kumburin, ruwan ɗorawa mai ƙyalli. Ya ce, "Baba, da alama ruɓaɓɓen haƙori ne ya tara ruwa. Amma sai an auna za mu tabbatar ba mugun ƙari ba ne." Ɗakin awonsu a rufe yake, sai ya ba ni ruwan a kwalba, a kai babban asibiti kafin ya lalace.

An hana acaɓa, ko'ina shingen sojoji, ƙafata ba ta kai ni titi. Babu wuta, sai na ajiye kwalbar a gindin randa.

Malam, tambayar mini likitoci: kwana nawa ruwan nan yake yi bai lalace ba?

Habu, ɗan ƙanena, ya ce zai zo ya ɗauka bayan azahar. Ga shi an kira magariba, bai zo ba.