Cukun da Inna Ba Ta Ci Ba

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni ne Isuhu, direban kamiyo, wato babbar mota, a nan Arlit.

Shekara huɗu ban leƙa ƙauyenmu na wajen Tawa ba, amma duk motar da ta yi kudu sai na aika wa mahaifiyata cuku. In na kira ta, sai ta ce, "Na ci, Allah ya yi albarka."

Bana na je gida. Wallahi da ƙyar na gane Inna, duk ta rame. Na buɗe kwallarta, sai ga cukun nan jere, ya bushe kamar dutse. Ashe haƙoranta sun zube, kunu kawai take sha.

Na ce, "Inna, don me ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Ɗana ya tuna da ni, in ce masa ba na iya taunawa?"

Bayan wata biyu ta rasu.

'Yan'uwana na Arlit, tambayar "saƙo ya iso?" ba ta isa ba. Ku je gida, ku ga tsofaffinku suna cin abinci da idonku. Ku sa Inna a addu'a.