Koren Tambarin Maƙwabci

Genival ɓarawo ne, kuma hassada ce ta mai da shi haka. Ya ɓare koren tambarin tsimin lantarki daga sabon talabijin ɗin maƙwabcinsa, ya manna wa nasa tsoho.

Da ya kai nasa rumfar mai gyara a kasuwar Caruaru, wata dattijuwa da ke jiran rediyonta ta dafa bayan talabijin ɗin, ta janye hannu.

"Bawan Allah, wannan zafin ai sai ya gasa masara. Mai koren tambari ba ya haka."

"Ki karanta mana, Inna. Hukuma ce ta auna shi."

"Na karanta. Tambarin na babban talabijin ne, naka ko rabinsa bai kai ba."

"To, shi maƙwabcina Severino da me ya fi ni? Kullum tagarsa a buɗe, unguwa na kallon ƙwallo, ana yaba tambari. Har matata cewa take shi ne mai hankali."

"Severino mai burodi? 'Yata yake aure. Tun rannan yake mata faɗa, wai ita ta kankare masa tambarin da soso."

Genival ya mayar da tambarin da hannunsa a gaban unguwa. Ranar wasan ƙarshe kuwa, aka rufe masa tagar.